Shafi Arba'in da Ɗaya Zuwa Mosko

Barshev, 12 ga Yuli, 2021

Zuwa ga Kurbonbek, mijin ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Gulbegim da yara da jikoki. Mu ma nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Yau shekara talatin da huɗu da wata biyu ke nan da aka kira ni ofishin shugaban cibiyarmu ta bincike a Dushanbe aka miƙa mini takardar sallama. Kana ɗakin da ke kusa, ƙofa a buɗe, ba ka ɗaga kai daga teburinka ba. Tun daga lokacin na sha zuwa gidanka, na ci shinkafar bikin 'ya'yanka biyu, ban taɓa tayar da maganar ba saboda ƙanwata. Yanzu zan tayar.

Ka ji dai Amurkawa suna kwashe kayansu daga Afganistan. Ni ba ji nake ba, gani nake. Makon jiya sojojin gwamnatin can suka tsallako kogin Panj, wasunsu ko takalmi babu. Daga kan rufin ɗakina ina hango ƙauyen tsallake, an sauke tuta an ɗaga wata. Kullum da safe ina buɗe rediyo in ji masana daga Washington da Landan suna mamakin yadda babbar ƙasa ta shekara ashirin a wuri ba ta san wurin ba. Duk abin da suke faɗa na rubuta shi a 1987, kuma na fi su iya rubutawa.

Ka san abin da nake nufi. Shekara biyar na yi a Leningrad ina karatu, na yi uku ina tafinta wa sojojin Sobiyet a tsallake, sannan na dawo cibiya na zauna na buga rahoto mai shafi arba'in da ɗaya da keken rubutu, kwafi biyu. A ciki na ce sojoji suna ƙirga hanyoyi da shingaye, su kuwa mutanen ƙauye layin ban ruwa suke ƙirgawa. Na ba da labarin manjon nan da ya tsige mirob na wani ƙauye, tsohon da ke raba wa gonaki ruwa tun kafin a haifi manjon, ya ɗora ɗan jam'iyya a gurbinsa. Sabon ya karkata ruwa zuwa gonakin danginsa a unguwar sama, alkamar unguwar ƙasa ta bushe, kafin wata biyu maza arba'in na unguwar ƙasa sun hau dutse da bindigogi. Na ce yaƙin nan an riga an rasa shi a bakin magudanar ruwa. Kai ne sakataren sashenmu, kai na ba kwafin farko ka sa a jakar wasiƙun da ake kaiwa Mosko, na biyu na ce ka ajiye. Mosko ta karanta, ta fusata, bayan wata biyu aka turo ni ƙauye in koyar da labarin ƙasa.

Ba haƙuri nake nema ka ba ni ba, lokacinsa ya wuce. Kwafin nan na biyu nake so. 'Yata Nekbaht da ke koyarwa a Horog ta sami mai ɗab'i da ya yarda ya buga shi. Shekarata sittin da tara, ina so in riƙe shi a hannuna da sunana a bango kafin a kai ni bayan tudu. Ka ba direba Olucha da zai kawo maka wannan takarda, yana dawowa ranar Asabar. Kada ka kira ni a waya, wannan ba maganar waya ba ce, kuma sai na hau tudun makabarta nake samun layi.

Matata Oshurmo tana gaishe ku. Ta cika muku buhu da busasshen ɗan itacen tut na bana, ya yi zaƙi ƙwarai.

Ka huta lafiya,
Nazarsho

Dushanbe, 25 ga Yuli, 2021

Zuwa ga Mu'allim Nazarsho, yayanmu mai daraja,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Takardarka ta iso, tut ma ya iso, jikoki sun ci rabinsa kafin kakarsu ta ɓoye sauran. Mun gode, Allah Ya ƙara wa bishiyoyin albarka.

Na karanta abin da ka rubuta sau uku. A kan maganar Amurka, ka yi mini izini in saɓa maka, kamar yadda muka saba tun muna ɗaki ɗaya a Leningrad. Kai kullum kana ɗaukar manyan ƙasashe kamar makafi. Ni na yi shekara arba'in ina karanta takardunsu, ban ga makanta ba, lissafi na gani. Amurka ba gudu take yi ba. Ta duba ta ga wannan yaƙi yana cin kuɗinta da 'ya'yanta alhali maƙwabtan Afganistan ne ke cin moriyar zaman lafiyar. Yanzu ta sauke kayan a ƙofar Rasha da Sin da mu, za ta koma ta fuskanci teku inda babbar gasar take. A taron da muka yi ranar Laraba, mu tsofaffin ma'aikata, mutum bakwai cikin tara sun yarda da ni. Kuma ina ganin gwamnatin Kabul za ta kai baɗi, watakila ta wuce. Tana da jiragen sama, tana da sojoji dubu ɗaruruwa. Labarin mirob ɗinka labari ne mai kyau, na faɗa maka tun a lokacin, amma ba a tsara tsaron ƙasa a kan magudanar ƙauye ɗaya.

Game da kwafin da ka nema. Ka san mun sauya gida sau biyu tun wancan zamani. Tsofaffin takarduna suna cikin akwatuna a ɗakin ajiya na ƙasan bene, kuma gwiwoyina ba sa son matakala yanzu. Likita ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi. Idan zafi ya ragu zan sa a fito da su in duba a hankali. Ka ƙara haƙuri kaɗan. Ina kuma ba ka shawara ka yi tunani ko ya dace a buga irin wannan abu a wannan lokaci, da iyaka take a dagule.

Gulbegim ta aiko wa Oshurmo maganin hawan jini da yadi huɗu. Tana tambaya ko har yanzu kai ne ke rabon ruwa, ta ce a shekarunka bai kamata kana hawa dutse da shebur ba.

Naka cikin girmamawa,
Kurbonbek

Barshev, 20 ga Agusta, 2021

Kurbonbek,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida gwiwoyinka. Magani da yadi sun iso, Oshurmo ta gode.

Gwamnatinka da za ta kai baɗi ba ta kai ƙarshen wata ba. Ka gaida mini mutanen nan bakwai.

Ranar da labarin Kabul ya zo muna zaune a kan benci a ƙofar shagon gari, inda muke namu taron. Ba mu da takardun sirri, amma muna da Shodmon, wanda ya shekara talatin yana tuƙa babbar mota a hanyar Osh, da Aknazar mai ƙudan zuma. Shodmon ya ce, "Da Rasha ce da ba ta fita haka ba. Rasha da ganga ta fita, janar yana tafe a baya."

Aknazar ya ce, "To da ganga da babu ganga, ai dai fita ce. Kai da matarka ta kore ka daga ɗaki bara, da ganga ka fita?"

Shodmon ya ce, "Rufe mana baki, mai ƙudaje. Kai me ka sani banda harbi a hanci?"

Aknazar ya ce, "Na san mutanen Sin na zuwa. Su ba sa kawo bindiga, kwalta suke kawowa. Ka kwanta da gonarka, ka tashi ka ga titi a kai."

Sai suka juyo kaina. Shodmon ya ce, "Mu'allim, kai da Mosko ta kora saboda gaskiya, raba mana gardama. Tsoro ne ya fitar da Amurka ko wayo?" Na ce musu ba ko ɗaya, gajiya ce, irin ta mutumin da ya shekara ashirin yana zuba ruwa a gonar da bai san iyakarta ba. Aknazar ya ce, "Kullum sai ka kai mu ruwa. Ko mutuwa aka tambaye ka, magudana za ka nuna." Muka yi dariya, aka kawo shayi.

Ka faɗa wa Gulbegim har yanzu ni ne mirob, shekara goma sha tara ke nan, kuma duk bazara sai na ce na gaji su ƙi karɓar shebur. Aikin yana mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Ina fita da hantsi in bi magudana har gindin ƙanƙara, in ɗaga dutse nan in ajiye can. Makon nan gidaje biyu suka yi rigima kan layin ruwan ranar Talata, na zaunar da su a kan kunya muka auna da inuwar sanda kamar yadda aka gada, kowa ya tafi yana gunaguni daidai da ɗan'uwansa. Dankali ya yi kyau bana. Da rana ina kwanciya ƙarƙashin bishiyar tut in ji ƙarar kogi. Ban ce rayuwar nan ta cuce ni ba. Abin da na ce shi ne ba ita na zaɓa ba, kuma na san wanda ya yi shiru ranar da aka zaɓa mini.

Duk garin nan sun san ni da abu ɗaya: mutumin da ya gaya wa Mosko gaskiya. Yaran da na koyar sun girma da labarin. Yanzu suna tambaya ina littafin. Mai ɗab'i ya ce in bai samu kafin ƙarshen Satumba ba, sai baɗi in muna raye. Ɗakin ajiyarka matakala goma sha biyu ne, na ƙirga su a bikin 'yarka. In Olucha ya dawo hannu wofi a wannan karon, zan bar wa Aknazar shebur, in shiga motar in zo in sauka da kaina.

Ka gaida ƙanwata.
Nazarsho

Dushanbe, 5 ga Satumba, 2021

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Oshurmo da Nekbaht da duk wanda ya tuna da ni a Barshev. Ni ce Gulbegim, da hannuna nake rubutawa, ka yi haƙuri da karkacewar layi.

Kada ka zo. Ko kuwa ka zo, gidanka ne, amma ba don ɗakin ajiya ba, babu komai a ciki sai tsofaffin tukwane da keken jikoki. Tun da takardarka ta farko ta zo mutumin nan ba ya cin abincin kirki. Yana zama da alƙalami ya rubuta layi biyu ya yaga. Jiya na ce masa, "Tsoho, in ba za ka faɗa masa ba ni zan faɗa." Ya ce, "Ki bari in sami kalmomin da suka dace." Na ce, "Shekara talatin da huɗu kana nemansu, da suna nan da ka samu." Sai ya tashi ya tafi shan iska, ni kuma na zauna.

Yaya, rahotonka bai je Mosko ba. Kurbonbek bai sa shi a jaka ba. Ya karanta a ofis, ya sa shi cikin rigarsa ya kawo gida, duka kwafi biyun. A watan ne aka ɗauke wani mutumin sashen tarihi saboda wasiƙa mai shafi biyu kacal, matarsa ta yi ta yawo ofis-ofis ba wanda ya kalle ta. Ya ce mini, "In wannan ya isa Mosko, yayanki ba ƙauye za a kai shi ba." Ni na ce masa ya ɓoye. In za ka yi fushi, ka raba shi biyu ka ba ni rabi. Ba zan ce maka don kai kaɗai ya yi ba, shi ma tsoro yake ji, muna da goyo a lokacin.

Sallamar da aka yi maka kuwa, rage ma'aikata aka yi. Mutum shida aka cire, aka zaɓi waɗanda ba su da ɗakin gwamnati a birni, don su ba sai an nema musu wurin zama ba. Kai kana kwana a ɗakin haya, shi ke nan. Da ka zo kana cewa Mosko ce, idonka yana ƙyalli, sai muka kasa buɗe baki. Muka ce bari ya huce tukuna. Kai kuma ba ka huce ba, ka ma gina gida a kai.

Saura maganar takardun. Ka tuna sanyin 1992, lokacin yaƙin basasarmu, da ake tare mutanen duwatsun Pamir irinmu a titi ana duba katinsu. Wata uku ba mu fita ba sai don burodi. Babu wuta, babu gas, yara biyu suna tari. Ka san yadda muke yi duk shekara idan sanyi ya shigo: a cusa auduga a ramukan taga, a yanka takarda siri-siri, a shafa mata sabulu da ruwa a liƙe a kai. Jarida muke amfani da ita, amma a shekarar jarida ta ƙare a murhu. Na buɗe kabad na ga takardu masu kauri, farare, irin waɗanda ba sa yagewa in sun jiƙe. Na san ko mene ne. Kuma ina tsoron a shigo bincike a ga rubutu a kan Afganistan a gidan ɗan Pamir. Na ɗauki almakashi. Kwafin farko ya rufe tagogi uku a shekarar, na biyu ya rufe su a shekara mai biye. Da bazara na wanke su da ruwan ɗumi kamar yadda ake yi.

Abu ɗaya zan faɗa maka, ko ya yi amfani ko bai yi ba. Kowane shafi sai da na karanta kafin in yanka. Ban gane rabinsa ba, amma na yi kuka a wurin tsohon nan da ya miƙa wa manjo sheburinsa ya ce masa ruwa ba ya jin Rashanci. Iska ba ta shigo ba a shekarun nan biyu, yaran kuma ga su nan da nasu yaran.

Ka yafe mana in za ka iya. In ba za ka iya ba, ka ci gaba da aiko da tut dai, jikoki ba su yi maka komai ba.

Ƙanwarka,
Gulbegim

Dushanbe, 6 ga Satumba, 2021

Mu'allim,

Salamu alaikum. Gulbegim ta nuna mini abin da ta rubuta kafin ta rufe. Duk gaskiya ne, ban da wuri ɗaya: ba ita ta fara cewa a ɓoye ba, na riga na yanke shawara tun a ofis. Kada ka ba ta rabi.

Ranar sallamarka ban ɗaga kai ba ne don na san in na kalle ka zan faɗa, kai kuma za ka karɓi takardun ka kai su gidan waya da hannunka.

A kan Kabul ka yi gaskiya, na yi kuskure. A 1987 ma na san ka yi gaskiya, shi ya sa na ji tsoro. In kana so ka sake rubutawa, ina tuna tsarinsa, babi biyar ne, zan iya zuwa mu zauna. Gwiwoyina za su iya hanyar Horog in aka tsaya sau uku.

Naka,
Kurbonbek

Barshev, 24 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Gulbegim da Kurbonbek,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Takardunku sun iso tare.

Kwana huɗu ban yi wa kowa magana ba, har Oshurmo ta ce ko in yi magana ko in koma ɗakin awaki. A rana ta biyar na je benci na faɗa musu, don ba na so su ji a wani bakin. Shodmon ya ce, "To mu dai kai muka sani, Mosko ba ta taɓa ba mu ruwa ba." Aknazar ya ce, "Ashe dai rubutunka ya taɓa tare wani abu." Na yi niyyar in buga masa sanda, sai na ga ina dariya.

Na gwada sake rubutawa. Na cika shafi uku na tsaya. Sunayen ƙauyukan sun tafi, ranakun sun tafi, ko sunan tsohon mirob ɗin na kasa kamowa, kuma wanda ya rubuta wancan yana da shekara talatin da biyar. Na gaya wa Nekbaht ta sallami mai ɗab'i.

Kurbonbek, ka zo, amma ba don babi biyar ba. Muna haƙar dankali makon gobe, za a ba ka kujera ka zauna kana tsincewa. Gulbegim, ki zo da shi kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Maganar yafiya sai kun zo, ban gama da ita ba tukuna.

Shafi arba'in da ɗaya ne, kwafi biyu. Mu uku muka karanta shi. Ko layi ɗaya bai rage ba.

Ku huta lafiya,
Yayanku Nazarsho